Bushiya da Filin Bakin Rijiya

An yi wata Bushiya a wata fadama, 'yar ƙarama ce amma ba ta san ja da baya ba. Tana da ɗan fili a bakin rijiya da ta gada wurin uwarta, nan take noman tumatir duk rani. Maƙwabcinta Biri ne, sarkin girman kai, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan filin nan.

Wata safiya ya zo ya tsaya mata a ka.

"Ke, filin nan ya fi ƙarfinki. Ki matsa can kan tudu, ki bar manya su yi noma."

"Ko taku ɗaya ba zan matsa ba," in ji Bushiya. "Nan uwata ta yi noma, nan zan yi."

Rigima ta kai su gaban Kunkuru, dattijon fadamar. Ya ce su zuba iri rana ɗaya, wanda ya fara kawo masa kwandon tumatir jajawur, fili nasa ne. Abin ya yi wa Bushiya ciwo ƙwarai, a sa gadonta a gasa. Amma ta ce, "Na yarda, Baba."

Ta zaɓi ɗan ƙaramin iri mai saurin nuna. Biri kuwa ya samo mai manyan 'ya'ya, kowanne kamar dunƙulen hannu.

"Malam Biri, naka sai ya kwana tamanin bayan dashe, nawa sittin," in ji ta. "Kuma daga ranar dashe ake ƙirgawa, ba daga ranar zuba iri ba."

"Ƙirga kwanaki aikin ragwaye ne. Ni da taki zan kora shi."

Haka kuwa ya yi. Da aka yi dashe, kullum sai ya jibga taki, wai tumatir ya yi sauri. Shukarsa ta miƙe ta wuce tsayinsa, ganye kore shar. Ta Bushiya kuwa gajeriya, abin tausayi.

"Fara tattara kayanki," in ji Biri. "Wannan tumatir ne ko ciyawa?"

Bushiya ita ma ta ga bambancin. Duk da haka ta tayar da ƙayoyinta ta ce, "Baba Kunkuru bai ce a kawo masa ganye ba."

Ta ci gaba da ban ruwanta, kullum tana jefa tsakuwa ɗaya a tukunya don ƙirga kwanaki. Ranar da ta jefa ta sittin, ta cika kwando da tumatir ja. Biri ya kutsa cikin dajin ganyensa yana lalube. Taki ya yi yawa, duk ƙarfin shukar ya tafi ga ganye, sai 'yan ɗanyun 'ya'ya biyar ya samu. Maimakon ya haƙura, sai gogan naka ya shafa musu jar ƙasa.

Da kowa ya kawo nasa, Kunkuru ya gatsa ɗaya daga na Biri, ya yamutsa fuska ya tofar.

"Bushiya, koma filin uwarki. Kai kuma Biri, tunda ka yi mini ha'inci, tudun da ka nuna mata, can za ka koma."

Darasin wannan labari shi ne, kowane iri yana da kwanakinsa, cika baki da yawan taki ba sa rage ko ɗaya. Ka san lokacin abin da ka shuka, kuma kada girman wani ya kore ka daga haƙƙinka.