Tsohuwar da Rafi'u Ya Tsinta a Bakin Tekun Jidda

Akwai wani saurayi mai suna Rafi'u, ɗan Gusau, da aiki ya kai shi Jidda. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti yake aiki. Daga asibiti sai ɗakinsa a unguwar Sharafiyya, daga ɗaki sai asibiti. Har ya kusa shekara a garin bai taɓa taka bakin teku ba.

Wata Juma'a abokinsa Musaddiq ya ce abin ya isa haka.

"Yau sai ka ga ruwa. Mu zaga bakin teku, mu sha iska, sannan mu wuce gidan cin kifi. Na riga na sa an ajiye mana tebur."

Bayan la'asar suka isa. Rafi'u ya tsaya ya saki baki. Ruwa shuɗi har iyakar ganinsa, iska mai ɗanɗanon gishiri, iyalai sun baza dardumai ko'ina, yara na ta guje-guje. Suka sayi balila, wato dafaffen wake mai ɗan tsami da ake sayarwa a ƙananan kofuna, suna ci suna ɗaukar hoto.

Suna shirin wucewa sai Rafi'u ya ji wata murya a bayansa tana mita da Hausa.

"Ka ji mini yaran nan! Duk sun watse sun bar mutum."

Ya juya ya ga wata tsohuwa zaune a kan benci, ta dafe sanda, gumi na tsattsafo mata. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Kaka, lafiya? Ko kin ɓata ne?"

Ta harare shi. "Ni Dela in ɓata a Jidda? A unguwar Hindawiyya na aurar da 'ya'yana duka. Su ne dai suka ɓata."

Da lallashi ya gano abin da ya faru. Ta sulale ne daga wurin iyalinta don ta sayi alewar da suka hana ta saboda ciwon suga. Da ta juyo, sai ta ga dardumai duk iri ɗaya. Ba ta da waya, ba ta kuma riƙe lambar kowa ba.

Musaddiq ya ja shi gefe. "Mu miƙa ta ga masu tsaro mu wuce. In muka makara za su ba wasu teburin."

"Na ji ka sarai," in ji tsohuwar. "Ba inda za ni da 'yan sanda. Sata na yi?"

Rafi'u ya dubi gumin da ke fuskarta. Ya san abin da rana da gajiya ke yi wa mai ciwon suga.

"Je ka kawai, zan same ka," ya ce wa abokinsa.

Musaddiq ya girgiza kai ya tafi.

Rafi'u ya sayo mata ruwa ta sha, ya bari ta huta. Sannan ya tambaye ta abin da take gani daga inda suka zauna. Ta ce masallacin nan da aka gina a kan ruwa yana hannun damansu. Ya riƙe mata jaka, ta kama hannun rigarsa, suka kama hanya a hankali.

Tafiyar ba ta sauri. Kowane benci sai ta zauna. Ta ba shi labarin yadda iyayenta suka taso da ita daga Sudan tana ƙarama, ta tambaye shi ko yana da mata. Da ya ce a'a, ta ce, "Halas, shi ke nan, ka samu. Amma ka sani ba na girki, kuma ina da tsada."

Rafi'u ya yi dariya har da riƙe ciki. Rabonsa da irin wannan dariyar tun yana gida.

Ana gab da kiran magariba sai wata budurwa ta taho a guje tana kuka, ta rungume tsohuwar. Jikarta ce, Lujain. Bayanta ga mahaifinta Abdulghani, ya jiƙe sharkaf da gumi saboda neman uwarsa.

"Ya Hajja, ina kika shiga? Wallahi mun duba ko'ina!"

"Ku daina ihu," in ji Dela. "Wannan yaron na tarar ba shi da kowa, na ce bari in kawo shi ya ci abinci."

Abdulghani ya kama hannun Rafi'u da hannu biyu, yana ta godiya. Da Rafi'u ya ce zai wuce, sai duk gidan suka taso masa.

"Ba ka tafi," in ji Lujain da Hausarta mai karyewa. "Yalla, zauna!"

Bayan salla aka buɗe kuloli. Soyayyen kifi, shinkafar sayadiyya mai launin ƙasa-ƙasa, da agashe, wato tsiren Sudan, mai yajin ƙuli wanda ƙamshinsa ya kai Rafi'u har Gusau. Yana cikin ci Musaddiq ya kira, ya ce ya zauna shi kaɗai a tebur, abincin ya ƙi shiga. Aka ce ya zo. Da ya iso yana sunkuyar da kai, Dela ta tura masa faranti.

"Mai 'yan sanda, bismilla. Kan kifin naka ne."

Kowa ya fashe da dariya, har shi.

Tun daga ranar, Juma'a ba ta wucewa ba a ga Rafi'u a Hindawiyya ba. Da mahaifiyarsa ta zo Umara, ciwon gwiwa ya tasar mata, shi kuma an hana shi hutu a wurin aiki. Abdulghani ne ya ɗauko ta daga filin jirgi, Lujain ta tura ta a keken marasa lafiya har ta gama ɗawafi, a ɗakin Dela kuma ta kwana har ta koma gida.

Darasi: Idan ka ga tsoho cikin damuwa, ka tsaya, ko da kana sauri. Abin da za ka rasa kaɗan ne, kuma wata rana naka iyayen za su buƙaci wanda zai tsaya musu a inda ba ka nan. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai su ma su amfana.