Dokin Joji da Bakin Illo

Akwai wani tafinta a birnin Sakkwato mai suna Illo, a shekarun da Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba. Ya tsinci Turancinsa ne a bin ayarin sojoji da dakon kayansu, har aka ɗauke shi aiki a ofishin Joji, wato Baturen da ke yanke shari'a.

Tun daga ranar Illo ya daina ganin mutane da gashi. Dattijo zai gaishe shi a hanyar Hubbare, ya amsa da Turanci don kawai ya ga tsoho ya daburce. Ni dai ban san abin da ke kumbura kai irin ilimi rabi ba.

A gidan Joji akwai wani kuku, Gidaɗo, Bafillace mai sanyin hali. Bai iya rubutu ba, amma shekara tara yana kallon bakin Turawa a gefen tebur. Wata rana ya ji Illo na ce wa Joji an kawo "hish", yana nufin kifi. Joji ya yi ta cewa "me?" har ya gaji ya kore shi da hannu.

Gidaɗo ya ja shi bayan kicin, inda babu kowa.

"Malam Illo, ka yi haƙuri. Sakkwatancinka na shiga Turancinka. Mu nan muna cewa hita, su Kanawa su ce fita. To, Turawa ba su yahe wanga. Ka aza haƙoran sama bisa leɓen ƙasa, ka hura iska. Fish. Gwada, abin kwana ukku ne."

Illo ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai, mai wankin tukunya, kai za ka koya min magana?"

Bai tsaya nan ba. Ya jawo shi tsakar gida gaban masu gadi da masu doki, ya ce ya maimaita karatun kowa ya ji. Aka yi ta dariya, wani har da tsugunawa yana cije leɓe yana hura iska. Washegari Illo ya gaya wa Joji cewa kuku na lasar cokali kafin ya kai miya tebur. Aka yi wa Gidaɗo bulala shida, aka watso masa tabarmarsa waje.

Bayan damina, dokin Joji ya tsinke ya ɓace. Aka yi kwana uku ana nema, har aka same shi ɗaure a bukkar gonar wani manomi mai suna Sodangi, yayan Illo uwa ɗaya uba ɗaya. Sodangi ya tsinci dokin ne yana cin geronsa. Ya ɗaure shi a inuwa, yana ba shi harawa da ruwa, yana jiran mai shi ya zo cigiya.

Da dogarai suka taho da Sodangi, matarsa Dijatu ta biyo su tana kuka. Illo ya tare ta a ƙofar ofis.

"Ke, share hawayenki. Ba ni ka magana ba? Kalma guda zan hwaɗi, Yaya ya koma gida, har tukuici za a ba shi."

Joji ya tambaya me wannan mutum ya yi da dokin. Illo ya gyara riga, ya ɗaga murya don jama'ar da ke waje su ji. Yana so ya ce "fid", wato ya ciyar da shi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne "hid". A Turanci kuwa, wannan na nufin ya ɓoye shi.

Joji ya ajiye alƙalami, ya sake tambaya. Illo ya maimaita da ƙarfi, har da nuna yatsu uku, kwana uku cur. Joji ya tambaya ko ya san mutumin. Illo ya bugi ƙirji ya ce yayansa ne, ya san halinsa sarai.

Shi ke nan. Ƙani ya ba da shaida a kan yayansa, wace hujja kuma ake nema? Aka yanke wa Sodangi bulala ashirin da huɗu da shekara biyu a gidan yari, da aikin fasa dutsen hanya.

Illo ya rikice, ya faɗi ƙasa yana kwatanta cin abinci da hannu. Joji ya ce ai yanzu da ya ji hukunci ne yake son canza magana, ya sa aka fitar da shi.

Ana dukan Sodangi yana waiwayen ƙaninsa.

"Illo, mi kac ce mishi? Harawa fa nib ba dokin ga! Mi kac ce?"

Wallahi Illo shi kansa bai sani ba.

Sai bayan mako guda ya gano Gidaɗo a Sabon Gari yana suyar ƙosai. Ya durƙusa ya ba shi labari kalma da kalma. Gidaɗo ya ce:

"Ɓoyewa kac ce, Malam Illo. Abin da nis so in gyara maka ke nan bayan kicin."

Illo ya roƙe shi ya zo ya yi wa Joji bayani. Gidaɗo ya ɗaga riga ya nuna masa tabon bayansa.

"Maganar mai lasar cokali wa za ya saurara? Kai kas sa anka daina yarda da ni."

Sodangi bai kai ƙarshen shekarar farko ba, ciwon ƙirji ya kashe shi a wurin fasa dutse. Ranar da aka kawo labari, Dijatu ta tarar da Illo zaune a zaure, haƙora bisa leɓe, yana hura iska. Ya iya kalmar tsaf. Ta dube shi ta ce, "Wa za ka hwaɗa ma yanzu?"

Darasi: Wanda ya ja ka gefe ya gyara maka lafazi, ko kuku ne ko ƙaninka, gata ya yi maka. Ka karɓa, ka yi ta maimaitawa har bakinka ya saba, tun kafin kuskurenka ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ku tura wa duk mai koyon Turanci, musamman wanda ke ganin ya gama iyawa.