Akwatin da Ya Manta La'asar

A garin Akokan, kusa da Arlit, akwai wani mutum mai suna Halidu. Ya yi aiki a ɗakin awon duwatsu na kamfanin ma'adinai har ranar da aka rufe ramin. Daga nan ya sayi tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, a hannun wani injiniya mai shirin komawa gida, ya zauna ya koya wa kansa rubuta manhaja. Kai kam yana da shi, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Aibinsa guda ne: ba ya son a tsayar da shi. In na'ura ta fito masa da jan rubutu, ba ya karantawa har ƙarshe. Sai ya yi tsaki ya ce, "A wajena dai yana aiki," kamar duk na'urorin duniya a ɗakinsa aka haife su.

A lokacin, wasu tsofaffin ma'aikatan ramin sun haɗu sun buɗe garka a bayan gari. Sun samu foraj, wato rijiyar burtsatse, da fanfo mai aiki da rana, sun dasa albasa fangali bayan fangali. Dashen farko ne, kuma shi ne duk abin da suka dogara da shi a wannan shekara. Shugabansu wani dattijo ne, Buzu, ana ce masa Alkassoum. Halidu ya je ya same shi ya ce zai yi musu ɗan akwati mai buɗe ruwa da kansa, sau ɗaya da safe, sau ɗaya da la'asar.

"Akwati ya san la'asar?" in ji dattijon.

"Baba, in na koya masa, har kiran salla sai ya yi."

Ya rubuta manhajar cikin 'yan kwanaki. Dabarar mai sauƙi ce. Akwatin da hasken rana yake tashi, don haka da gari ya waye sai ya farka ya fara ƙirga daƙiƙoƙi. In ƙirga ta kai adadin safe ya buɗe ruwa, in ta kai adadin la'asar ya sake buɗewa. Halidu ya gwada a ordinatar ɗinsa mai Windos, komai ya tafi sumul.

Saura a zuba manhajar cikin akwatin. Wannan kuwa aikin Rashida ne, 'yar kawunsa, taubashiyarsa, wadda ta karanta lantarki a Zinder kuma ita ta haɗa wayoyin garkar. Na'urarta Linuks take ci, a cikinta kuma akwai kompilatar na akwatin, wato tafintan da ke mayar da rubutun mutum zuwa yaren da akwatin ke ji. Halidu ya kawo aikinsa a kile, ɗan abin nan da ake ɗaukar fayil a ciki, ya zauna kan tabarma a zauren kawu yana kaɗa ƙafa.

Tafinta ya fara, bai je ko'ina ba ya tsaya.

"Bawan gidanmu, kayanka sun ƙi shiga," in ji Rashida.

"Na'urarki ce ƙauyawa. A wajena yana aiki."

Ita ba ta ji haushi ba. Irin mutanen nan ce da in abu ya ƙi, sai daɗi ya kama su. Ta matso da fuska kusa da allo ta karanta. Ashe a fayil ɗin saiti Halidu ya rubuta adireshin wani kundi da ke cikin na'urarsa kaɗai, har da sunansa a jiki.

"Ka aiki tafinta ɗakinka ya ɗauko kaya, shi kuwa bai taɓa zuwa gidanku ba," ta ce. Ta gyara adireshin.

Aka sake. Ya ɗan yi gaba, ya kuma tsaya, wai wani abin da manhajar ke jingina da shi tsohon zubi ne. Ta nemo sabo, duk da reso na intanet yana zuwa yana tafiya. A karo na uku tafinta ya kusa kai ƙarshe, sai ya fito da layi guda ja, ya ƙi motsi.

Rashida ta karanta sau biyu. "Wannan daban ne. Cewa ya yi lambar da ka sa ta la'asar ta fi ƙarfin mazubin da ka ba ta. Wai gwajin nan ba zai taɓa zama gaskiya ba. Me ya sa naka tafintan bai faɗi haka ba? Abin nan ya ba ni sha'awa."

"Gargaɗi ne kawai, ba kuskure ba. Ke kika saita shi ya riƙa tsayawa kan kowane tari."

"To bari mu ga abin da ya sa shi tarin mana. Ka ba ni zuwa gobe."

Gobe ta yi wa Halidu nisa. Ya riga ya cika baki a garka, har ya ce wa mutane su zo kallo. Da Rashida ta shiga cikin gida kawunsa na kiranta, sai ya jawo na'urar, ya buɗe fayil ɗin saiti, ya goge umarnin tsayawa, ya ƙara wani mai cewa tafinta ya yi shiru da duk wani gargaɗi. Ya danna. Rubutu ya zubo fari tas. Kafin ta fito ya zuba manhajar a akwatin, ya sa shi a aljihun riga.

"Ya wuce?" ta tambaya.

"Hannun maigida ya ji."

"Me ka taɓa?"

"Sirrin sana'a ne, baiwata. Ki je ki yi ta karatun jan rubutu."

Washegari da safe aka kafa akwatin. Mutane suka tsaya suna kallo, can sai ruwa ya taso cikin tiyo ya bi fangaloli ba wanda ya taɓa komai. Aka yi ta mamaki. A ranar kuwa akwai biki a Gougaram, ɗan Alkassoum ke aure, kuma kusan duk 'yan garkar za su tafi su yi kwanaki. Dattijon ya so ya bar mutum guda.

Halidu ya ce, "Ba sai kun bar kowa ba, Baba. Ni zan riƙa leƙawa."

Ya kuwa leƙa, kullum da hantsi. Ya tarar da ƙasa a jiƙe, ya jinjina wa kansa, ya koma gida ya kwanta a inuwa. Ganyen da ya ga ya ɗan langaɓe, ya ce halin sabon dashe ne. Wanda ya san ranar Arlit ya san ruwan safe ba ya kai jaririn dashe magariba.

Rashida ce layin nan ya hana sakat. Aiki ya kai ta Anou Araren, tana can tana juya maganar a kai. Ranar da ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta biya gidansu Halidu ta tayar da shi, suka nufi garka bayan azahar. Tun daga bakin shinge suka ga abin da ya faru. Yawancin dashen ya kwanta, ya koma kamar zaren da aka ƙona.

Ta jona na'urarta da akwatin, lambar ƙirga ta bayyana tana hawa. Suka tsuguna suna kallo. Ta haura dubu talatin da biyu, ta ƙara kaɗan, sai kawai ta faɗo ƙasa da sifiri.

"Ka gani?" in ji ta a hankali. "Kalmar da ka rubuta guda ce, amma a na'urarka mazubin tano ne, babbar gangar ruwa, a akwatin nan kofin shayi ne. Kafin la'asar ya cika ya kife. Shi a ganinsa gari ma bai waye ba tukuna."

Halidu ya buɗe baki, abin da ya saba faɗa ya zo masa har kan harshe, ya haɗiye. Gyaran bai fi canza kalma guda ba. Ya canza, ya mayar da umarnin da ya goge, tafinta ya wuce ba ko tari.

Suna nan motar 'yan biki ta iso. Alkassoum ya sauka, ya bi fangalolin ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna ya murza ganye a yatsa. Sauran suka tsaya cirko-cirko. Lokacin dashe ya riga ya wuce, kowa ya sani. Dattijon ya dubi Rashida.

"'Yata, kai ka san abin nan. Faɗa mini yadda ya yi."

Ta yi masa bayani da tano da kofin shayi. Ya saurara sosai, har da gyaɗa kai.

"To na'ura bai san kofin ya yi ƙarami ba?"

"Ta sani, Baba. Ta ma faɗa."

"Ya faɗa wa wa?"

Rashida ta dubi ƙasa. Halidu ya ce, "Yanzu an gyara, Baba. Wallahi gobe da la'asar zai buɗe."

Alkassoum ya je ya zare wayoyin da hannunsa, ya kaɗe ƙurar akwatin da bakin rawani, ya miƙa masa.

"Kai shi gida, ɗana. Gobe babu abin da zai ba ruwa."

Darasin wannan labari shi ne, abin da ya yi aiki a hannunka bai zama dole ya yi a hannun wani ba, domin kowace na'ura da girman mazubinta, haka ma kowane wuri da nasa hali. In aka yi maka gargaɗi, mutum ne ya yi ko na'ura, tsaya ka gane dalilinsa kafin ka wuce. Rufe bakin mai gargaɗi ba ya cire matsalar, sai dai ya ɗage ta zuwa ranar da babu kowa kusa, kuma sau da yawa waɗanda suka yarda da kai ne ke kwana a ciki.