Man Gyaɗa a Abincin Kifin Liyan

Illa mutumin Maraɗi ne, mai ƙwazo, sai dai ba a gaya masa ya ji. A gidan masu turken raguna ya tashi, don haka a ganinsa babu dabbar da bai san cikinta ba.

Da ya gaji da hawa da saukar benayen kasuwa a birnin Guwanju, can ƙasar waje inda ya je fatauci, sai ya haɗa gwiwa da wani tsoho, Liyan, mai kiwon kifin sitajan a bayan gari. Dogon kifi ne mai ƙaya a gadon baya, kuma macensa ba ta yin ƙwai sai ta shekara bakwai. Haka suka yi ta jira, kullum sanyaya ruwa, kullum wanke kwatami.

A shekarar da ƙasar ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, ana saura 'yan watanni kifayen su yi ƙwan fari, ciwon gwiwa ya kwantar da Liyan. Man kifin teku da ake cuɗa musu abinci da shi kuma ya yi wuya. Shago uku Illa ya shiga, kowanne sai a ce masa "meyo", wato babu. Bai nemi na huɗu ba, ya sayo man gyaɗa.

Liyan ya ce masa ta waya, "Kada ka soma. Irin man da uwa ta ci, shi take zuba wa ƙwanta. Na gyaɗa ba shi da abin da ke gina ɗan kifi."

Illa, da ke kiransa Lawban, wato maigida, ya ce, "Haba Lawban, mai ai mai ne! Mu da ƙuli-ƙuli muke tada ragon da sai ƙarti huɗu ke kayar da shi."

Kifaye kuwa suka yi ɓul-ɓul, gogan naka har da ɗaukar hoto. Da ƙwai ya zo, yawancinsa ya yi fari ya ruɓe. 'Yan kaɗan da suka ƙyanƙyashe suka fito da karkataccen baya, suna juyi wuri ɗaya. Kwana tara Illa yana kwashe matattu, har hannunsa ya gaji, zuciyarsa ma ta gaji.

Liyan ya zo da sanda, ya daɗe yana duban ruwan.

Illa ya ce a sanyaye, "Za su sake yi, ko?"

"Za su yi, bayan shekara uku. Ni kuwa shekarata saba'in da tara." Ya juya a hankali ya nufi ƙofa.

Mai karatu, ƙiba daban, lafiyar zuriya daban. Abin da aka ciyar da uwa shi ke bayyana a jikin 'ya'yanta. Kuma gwanintarka a wata sana'a ba ta sa ka zama malami a wata ba. Girman kai rawanin tsiya ne, abin takaicin shi ne sau da yawa ba mai shi kaɗai yake kayarwa ba.