Ɗigon da Ma'azu Ya Toshe

A bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Bagudo, an yi wani mai gyaran jiragen ruwa ana ce masa Ma'azu. Gwani ne, wannan ba gardama. Ka kawo masa kwale-kwalen da ke shan ruwa kamar kwando, ya duƙa da tsumma da kwalta da 'yar gudumarsa, kafin la'asar ka haye kogi ƙafarka a bushe. Babu wanda ya koya masa, kuma nan ciwon yake. Tunda ya koya wa kansa abu ɗaya, sai ya ɗauka duniya ba ta da sauran abin gaya masa. Ka ce, "Ma'azu, ba haka ake yi ba," yanzu ka ga jijiyar wuya ta tashi.

Shekarar samun mulkin kai, Turawan Faransa suna ta tattara komatsansu a Dahome. Abokinsa Hamma, wanda ya shekara goma sha biyu yana kuku a gidan wani Bature a can, ya dawo da kayan da aka bar masa. Ciki har da wata farar tukunyar ƙarfe mai tsawon mutum, da tulun gas biyu. Ka cika ta, ka kunna wuta a ƙarƙashinta, ta dafa ruwa ta ajiye maka da zafinsa.

Ma'azu na gani ya ce tasa ce. Matarsa Barira ta haihu shekaranjiya, ga wankan jego safe da yamma har kwana arba'in, ga damina ta jiƙa itace. Ya ba Hamma sabon kwale-kwale, aka ɗoro tukunya a amalanke, gari ya bi ta da kallo.

Hamma ya ce, "Bari in kafa maka ita."

"Kai? Kukun Nasara? Tafi ka soya ƙwai. Ni da ƙarfe mun san juna."

"To saurara, ko da daga tsaye ne. Sa ta inda iska ka shiga, hayaƙinta ya fita waje. In ka ɗaura bututun gas, shafa mai ruwan sabulu. In ya yi kumfa yoyo ne, kak ka kusanto da ashana. Kuma ka ga ɗan bututun ga na gefe? In ruwa ya yi zafi zai riƙa ɗiga. Ta nan take numfashi. Ko mi za ka yi, kak ka taɓa shi."

"Na ji, na ji," in ji Ma'azu, ya riga ya kai ƙofa.

A ba shi haƙƙinsa, aiki ya yi kyau. Ya kafa ta ƙarƙashin rumfa jikin banɗaki, ya ɗora duro a kan shika-shikai yana zuba mata ruwa, ya ajiye tulun gas can nesa. Har ruwan sabulun ya shafa, bayan ya leƙa ya tabbata Hamma ya tafi. Da aka murɗa famfo ruwa ya fito yana tururi, mata suka ɗauki guɗa. Ba itace, ba hura wuta, ba jan ido! Har daga Lafagu aka zo kallo.

Sai Gwaggo Dela, wadda ke yi wa Barira wanka, ta tsoma yatsa ta taɓe baki.

"Wanga ruwan jego ne ko na alwala? So kake sanyi ya shiga jikin ɗiyata?"

Aka yi dariya. Dariyar ba ta lafa ba maƙwabcinsa Manu ya nuna ɗan bututun nan, yana ɗis, ɗis, cikin ƙasa.

"Ashe! Mai toshe jiragen Kwara, tukunya ta gagare shi?"

Ai shi ke nan. Mutumin da duk rayuwarsa gaba yake da yoyo, a ce ga yoyo a cikin gidansa, a gaban jama'a? Jajibirin suna ya naɗe hannun riga. Ya sa waya ya ɗaure abin da ke rage wuta in ruwa ya kai zafi, don Gwaggo ta ga iyakarta. Ya rufe famfon da ke zuwa daga duro, kada zafin ya gudu sama. Sannan ya feƙe turke, ya naɗa masa tsumma, ya tsoma a kwalta, ya buga shi cikin ɗan bututun. Bai taɓa yi wa jirgin kowa toshiya mai kyan wannan ba.

Ranar suna ta dace da ranar mulkin kai. Gari ya cika da kalangu da tutoci, kowa baki har kunne. Tun asuba Ma'azu ya kunna wuta, ya fito zaure cikin sabuwar riga. Aka raɗa suna, aka raba goro, ya hango Hamma.

"Kukun Nasara! Tukunyar Baturenka da ciwo taz zo, na warkar da ita. Yanzu ko ɗis!"

Goro ya faɗi daga hannun Hamma. "Ka yi mi? Innalillahi! Wa ke kusa da ita?"

Ma'azu ya buɗe baki zai yi masifa, sai ya tuna: da an raɗa suna mai jego ke shiga wanka.

Ya zura cikin gida, hula ta yi nata wuri. Tukunya na gurnani kamar bijimi, rumfa na karkarwa. Ga Barira a bakin banɗaki, ga Gwaggo da ganyen wanka ta nufi famfo.

"Ku fita! Barira, fita!"

"Malam, lafiya?" in ji Barira.

Bai tsaya amsa ba. Ya ture su bayan katanga, ya kife a kansu, daidai lokacin da Hamma ya kashe tulun gas. Amma aikin gama ya gama. Ji kake dim! Tukunya ta fashe ta gindi, ta keta rumfa ta yi sama, ta faɗa gonar geron Manu. Can a dandali jama'a suka ɗauka bindigar murna ce, suka kaure da shewa.

Barira da Gwaggo ko ƙwarzane. Shi kuwa tafasasshen ruwa ya wanke masa baya da hannun dama. Wata uku yana kwance rub da ciki. Da ya tashi yatsun sun ƙanƙance, gudumar da ta yi masa suna ba ta sake zama a tafinsa ba.

Ranar da Hamma ya zo duba shi, Ma'azu ya nuna masa tabarma.

"Zauna, Hamma. Mi kac ce game da ɗan bututun nan? Sake faɗi. Yau ba ni zuwa ko'ina."

Kai mai karatu, gwanintarka a kan jirgi ba ta sa ka san tukunyar gas ba. Abin da ba ka sani ba, bar wanda ya sani ya kafa maka, kuma in yana magana ka zauna ka ji har ƙarshe. Duk abin da maƙeran na'ura suka sa don tsaro, kada ka ɗaure shi, kada ka toshe shi, ko da duk unguwa na yi maka dariya. Dariyar Manu ta yini ɗaya ce. Hannun Ma'azu bai dawo ba.