Rumman a Hannun Gimbiyar Dutse

A wani zamani mai tsawo da ya shige, can bayan tekun gishiri, an yi ƙasar Zarkuniya, wadda mutanenta ke sassaƙa gumakan 'yan mata da farin dutse, su yi musu kitso da tufafi masu launi, su tsayar da su bisa tsauni hadaya ga Aljana Marmusa. Sarkinsu Kaidaru ba abin da ke ci masa rai kamar a ce hadayar wani ta fi tasa kyau. Saboda haka da ya ci birnin Dalhama da yaƙi, ya kashe sarkinsa, sai ya sa bokansa ya mai da 'yar sarkin, Gimbiya Sarmina, dutse, tana riƙe da rumman, aka kai ta tsaunin.

Yarima Taufanu, wanda aka yi musu baiko, ya keta daji da teku zuciyarsa na tafasa, har ya iske ta cikin gumaka. Da tabon haɓarta ya gane ta. Ya faɗi yana kuka.

Aljanar ta bayyana ta ce, "Ya kai ɗan sarki, abin da aka ba ni ba ya komawa, sai in wanda ya bayar ya miƙa hannu ya ɗauki wani abu daga ciki. Ranar nan shi zai maye gurbinta."

Taufanu ya yi shigar malamin duba, ya shiga fadar Kaidaru ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, rumman ɗin nan na hannun hadayarka, duk wanda ya cire shi ba zai ɗanɗani mutuwa ba. Na ga bokanka na shirin riga ka."

Nan take Kaidaru ya sa aka sare kan bokan, ya hau tsaunin da dukan fadawansa, ya cafki rumman. Sai ga dutse ya kama yatsunsa, ya bi hannu zuwa ƙirji, Sarmina kuwa ta ja numfashi.

Sarki ya yi kururuwa, "Ku cece ni! Na ba ku rabin mulkina!"

Sarmina ta dube shi ta ce, "Ubana ma ya roƙe ka." Ba ta kau da ido ba har dutse ya rufe masa baki.

Taufanu ya sa aka kifa gunkin Kaidaru a ƙofar gari, mutane da jakuna na takawa. Suka koma Dalhama suka tada ganuwarta, aka ɗaura musu aure a kan kangon fadar mahaifinta, Sarmina ta hau gadon sarautarsa.