Ɓarakar da Injiniya Ya Ƙi Toshewa

An yi wani mutum a ƙasar Daura, ba da jimawa ba, mai kula da kwamfutocin wani asibitin kuɗi. Ba zan faɗi sunansa ba. Injiniya ake ce masa, kuma yana son sunan.

Bayanan marasa lafiya duk suna cikin babbar kwamfuta guda: jinin kowa, ciwonsa, da maganin da jikinsa ba ya karɓa. Wata rana ya gano ɓaraka. Duk ma'aikacin da ya rubuta wasu 'yan alamomi a gurbin neman suna, sai kwamfutar ta tsaya cak, ba mai iya buɗe fayil.

Masu manhajar kwamfutar sun aiko da gyara. Aikin minti goma ne. Bai saka ba.

Me ya hana shi? In ta tsaya, shi ake nema. Ya zo ya tayar da ita, likita ya ce, "Injiniya, ba don kai ba da mun shiga uku." Yabon nan ya zama abincinsa. In an kwana biyu bai ji shi ba, da kansa yake tsayar da ita.

Har ya nuna wa Kabiru mai ba da kati alamomin, don burga. "In layi ya ishe ka, mutumina, ga hutu." Suka tafa.

Matarsa Haulatu ta haihu. Ranar kasuwar Mai'adua ya hau babur ya tafi sayen ragon suna. Da hantsi layi ya yi tsawo a asibiti, Kabiru bai karya kumallo ba. Ya rubuta alamomin, ya leƙo ta taga: "Jama'a, a yi haƙuri, na'ura ta tsaya."

A sa'ar nan maƙwabta suka kawo Haulatu a sume, zazzaɓi ya kayar da ita. An kira Injiniya a waya sau tara. Yana tsakiyar tumaki yana ciniki, bai ji ba. Likita ya rasa fayil, ya yi mata allurar da ake yi wa kowa. A fayil ɗin an rubuta kada a kuskura a yi mata ita. Mijin ne ya shigar da gargaɗin, da hannunsa.

Ya iso da rago ɗaure a bayan babur, ya tarar an lulluɓe ta.

An yanka ragon. Jaririyar ta ci sunan uwarta. Shi kuwa ya bar aikin. Yau in ka ce Injiniya, ba ya waiwayowa.

Ya 'yan uwa, ajali na Allah ne, amma amana a wuyan wa take? Mutumin nan bai saci ko allura ba. Gyara ya ɓoye don a ce da shi sannu. Wace ɓaraka ka sani a wurin aikinka, ka bar ta don a riƙa nemanka? Ka san wanda za ta faɗa wa?

Allah ya jiƙan Haulatu, ya raya abin da ta bari. Allah ya kiyaye mu daga riya da cin amana. Amin.